DARASI: ALLURAR KARE TANA TSARE YARAN GARI

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na wannan fitowa a kan kare ne. Wani zai ce: mi ya kawo zancen kare cikin jarida? Ba a tatsarsa, ba a kai shi kasuwa a sayi hatsi da kuɗinsa. Gaskiya ne. Amma kare yana cikin gidajenmu, yana kwana kusa da yaranmu. In yana da lafiya, amfaninsa muke ci. In ya kamu da wata cuta, yana iya kawo mutuwa har cikin ɗaki. Ku karanta wannan darasi a hankali. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

1. AIKIN KARE A ƘAUYE

Kare yana gadin gida da dare. Yana tsaron rumbu da garke. In kura ko dila sun zo wajen awaki, shi ne yake tada mai gida. Mafarauta suna fita daji da shi. Makiyayan Azawak, arewa da Tawa, suna da karnukansu dogaye masu gudu, waɗanda sunansu ya kai har ƙasashen Turai.

Muna kai shanu da tumaki da awaki wurin allura. Muna kai yara likita a yi musu rigakafi. Kare kuwa sai mu bar shi haka nan, ba mai kula da shi. Ga shi kuwa ta bakinsa ne ciwo mafi muni yake shigo mana.

2. MINE NE HAUKAN KARE?

Haukan kare cuta ce. Ba aljani ba ne, ba sammu ba ne, ba zafin rana ba ne. Wata ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, wadda ido ba ya gani. Tana zama cikin yawun dabbar da ta kamu. In mahaukacin kare ya ciji wani kare, ko mutum, ko jaki, yawun ya shiga raunin, to ƙwayar ta shiga jiki. Ko yakushi, ko lasar wani miki da ke jikin mutum, suna iya shigar da ita.

Ƙwayar tana bin jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar tana ɗaukar lokaci. Sau da yawa wata 2 ne ko 3. Wani lokaci sati 1 kawai, wani lokaci har shekara. In cizon yana kusa da kai, kamar a fuska ko a wuya, ciwon ya fi saurin fitowa.

Nan ne mutane suke ruɗuwa. Raunin ya warke, mutum yana aikinsa, kowa ya manta da kare. Ran nan sai masassara da ciwon kai. Wurin cizon ya riƙa ƙaiƙayi ko zafi. Daga nan mutum ya kasa haɗiye ruwa. Yana jin ƙishirwa, amma in an miƙo masa kwanon ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya firgita. Ko iska ta buga shi sai ya zabura. In ciwon ya kai nan, ba likita, ba boka. Kwana kaɗan ne ya rage.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta mutum kamar dubu 59 suna mutuwa da wannan ciwo kowace shekara. Kusan dukansu a Afirka da Asiya suke, yawanci mutanen ƙauye. Cikin mutum 10 da abin ya shafa, 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kuma cikin mutum 100 da suka kamu, har 99 daga kare suka samo shi. Saboda haka in an toshe ciwon ga kare, an toshe shi ga mutum.

3. YADDA AKE GANE KAREN DA YA KAMU

Alama ta fari ita ce sakewar hali. Kare mai hankali ya koma faɗa. Kare mai faɗa ya yi sanyi, ya ɓoye cikin duhu. Bayan haka ciwon yana bin ɗaya daga hanya 2.

Hanya ta ɗaya ita ce hauka mai faɗa. Kare ya bar gida, ya yi ta yawo ba dalili. Yana cizon duk abin da ya tarar: icce, dutse, igiya, bisa, mutum. Muryarsa ta sake, haushinsa ya dushe. Yawu yana zuba.

Hanya ta biyu ita ce hauka mai sanyi. Kare ba ya faɗa. Bakinsa yana buɗe, haɓarsa ta saki, yawu yana dalala, ƙafafun baya sun mutu. Mai shi sai ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu cikin bakin don ya ciro. Kada ku yi haka ko kaɗan. Wannan yawu yana ɗauke da cutar.

Ko wace hanya ce, karen da alamun suka fito masa ba ya wuce kwana 10 da rai.

Ba kare kaɗai ke kamuwa ba. Kyanwa, jaki, doki, saniya, raƙumi, tunkiya da akuya duk suna kamuwa in an cije su. Haka dila da kura a daji. In kun ga dila ta shigo gari da rana tsaka ba ta gudun mutane, ku yi nesa da ita. Saniyar da ta kamu tana yawan kuka, tana dalala, ta kasa shan ruwa. Kada a sa mata hannu a baki, kada a yanka ta a raba nama. A kira likitan dabbobi. Kaji da zabi ba su kamuwa da wannan ciwo.

4. MINE NE ALLURAR RIGAKAFI?

Jikin mai rai yana da dakarunsa masu yaƙi da cuta. Amma dakaru ba su yaƙar abokin gaban da ba su sani ba. Cikin allurar haukan kare akwai ƙwayar cutar da aka riga aka kashe. Ba ta iya sa ciwo. Aikinta shi ne ta nuna wa jiki kamannin abokin gaba. Jiki ya gan shi, ya shirya makamai. Ran da cutar ta gaske ta shigo, sai ta tarar ana jiranta.

Shirin yana ɗaukar sati 2 zuwa 4. Don haka allura ta mai lafiya ce. Ba ta warkar da karen da ya riga ya haukace. Rigakafi ya fi magani, balle ga ciwon da ba shi da magani.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Luwi Pastor, shi ne ya fara haɗa allurar haukan kare. A watan Yuli na 1885 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza. Ya yi masa allurai, yaron ya rayu har ya manyanta. Pastor ya rasu ran 28 ga Satumba 1895. Shi ya sa aka ware ran 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakar da duniya a kan wannan ciwo.

Mu ma nan mun ga aikin allura da idonmu. Tsofaffi suna tuna agana, wadda ta kashe mutane ta makantar da wasu. Da lamba aka kore ta, a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya. Makiyaya suna tuna bushiya, mai share garke duka. Tun 1962 ƙasashen Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru suka haɗa kai suna yi wa shanu allura, ana yi musu alama a kunne. Aikin ya daɗe, ciwon ya tafi ya komo, amma a 2011 aka yi shelar bushiya ta ƙare. Abin da aka yi wa shanu ana iya yi wa karnuka.

5. KARNUKA 7 CIKIN 10

Ku dubi yadda gobara take cin shinge. Daga wannan dannin kara ta kama na kusa, daga can ta kama na gaba. In an bar fili tsakani, wuta ba ta samun abin ci, sai ta mutu. Haka haukan kare yake. Kare ɗaya ya ciji wani, wannan ma ya ciji wani. Karen da aka yi wa allura kamar fili ne a gaban wuta. In cuta ta iso gare shi, ta tsaya.

Masana sun auna sun gani: in an yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 allura, ciwon ba ya iya yawo cikin gari. In 2 ko 3 kawai aka yi wa, waɗannan sun tsira, amma ciwon yana nan yana bin sauran, yara kuma suna nan cikin hatsari. Ashe aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Na gari ne duka. Karen maƙwabcinka yana iya cizon ɗanka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

An gwada wannan kusa da mu, a birnin Njamena na ƙasar Cadi. A 2012 an yi wa karnuka fiye da dubu 18 allura kyauta. A 2013 aka sake, aka yi wa fiye da dubu 22. Kowace shekara an kai 7 cikin 10. A 2014 an yi watanni da yawa ba a samu mahaukacin kare ko ɗaya ba cikin birnin. Daga baya ciwon ya komo, ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje. Darasi 2 ke nan. Na ɗaya: allura tana aiki a ƙasa irin tamu. Na biyu: ba a yi sau ɗaya a kwanta, kuma birni ba ya tsira in an bar ƙauyuka.

Ƙasar Meksiko, can nahiyar Amurka, ta daɗe tana yi wa karnukanta allura kowace shekara. A 2019 hukumar lafiya ta duniya ta shaida cewa ta raba mutanenta da mutuwa ta cizon mahaukacin kare. Manyan hukumomin lafiyar mutane da ta dabbobi sun sa shekarar 2030 a gaba, suna son kafin nan a daina wannan mutuwa ko'ina.

6. DON MI AKE SAKEWA KOWACE SHEKARA?

Karya tana ɗaukar ciki wata 2 ne kawai. Tana haifar ɗiya da yawa a lokaci guda. Kwikwiyon bana, baɗi shi ma ya isa haihuwa. Karnukan ƙauye kuma ba su cika daɗewa ba. Wasu sun mutu, wasu sun ɓata, an kawo sababbi daga wani gari. In an yi allura bana aka bar baɗi, sai a tarar karnukan da ba su da allura sun sake yawa. Shi ya sa ake komawa shekara shekara.

Wasu suna cewa: a kashe karnukan duka a huta. An sha yin haka a wurare da yawa, ciwon bai ƙare ba. In an kashe karnuka, mutane suna nemo wasu, ba a san daga ina suka fito ba. Waɗanda suka tsira suna ƙara haihuwa. Sau da yawa ana haɗawa da karnukan da aka riga aka yi wa allura, aikin da aka yi ya lalace. Guba kuma in an watsa ta, tana iya kashe kaji, da angulu, har yaro. Kare mai allura garkuwa ne ga gari. A bar shi ya rayu.

7. CUTUTTUKAN KWIYAKWIYAI

Ban da hauka, akwai wasu cututtuka masu kashe karnuka, musamman ƙanana. Waɗannan ba su kama mutum. Amma su ne suke sa karya ta haifi 6, a wayi gari ba ko ɗaya.

Zawon jini. Likitoci suna ce masa farbo. An fara ganinsa a duniya wajen 1978. Kwikwiyo ya ƙi abinci, ya yi ta amai, ya yi zawo mai jini mai wari ƙwarai. Ruwan jikinsa ya ƙare, cikin kwana 2 ko 3 ya mutu. Ƙwayar tana fita cikin kashi. Tana da taurin rai, tana yin watanni cikin ƙasa. In kwikwiyo ya mutu da wannan ciwo, a bizne shi da zurfi, a kwashe kashinsa, a wanke kwanonsa da ruwan jabel. Kada a kawo sabon kwikwiyo marar allura wannan wuri da wuri.

Ciwon majina da makyarkyata. Likitocin dabbobi suna kiransa da sunan wani likitan Faransa, Carré, wanda ya gano a 1905 irin ƙwayar da ke kawo shi. Ɗan'uwan ƙyanda ne da bushiya. Yana farawa da masassara, kwantsa a ido, majina da tari. Daga baya kare ya riƙa makyarkyata, ko ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Wani tafin ƙafarsa ya yi tauri. Da yake yana taɓa ƙwaƙwalwa, yana kama da hauka. Mutumin ƙauye ba ya iya raba su da ido. Saboda haka duk karen da ya yi irin wannan, a ɗauke shi kamar mahaukaci har likita ya gani.

Ciwon hanta. Yana sa masassara, ciwon ciki da amai. Karen da ya tashi, wani lokaci idonsa yakan yi shuɗi shuɗi kamar hazo.

Waɗannan ciwo 3 an haɗa rigakafinsu cikin allura guda. Ita dabam, ta hauka dabam.

8. YAUSHE AKE YIN ALLURA?

Kwikwiyo yana samun tsaro na fari daga dakashin uwarsa, wato nonon farko mai kauri, kamar yadda ɗan maraƙi yake samu. A bar shi ya sha tun ranar haihuwa. Amma wannan tsaro aro ne. Yana raguwa sannu sannu cikin watannin farko. Ba a san ranar da zai ƙare ga kowane kwikwiyo ba. Kuma muddin yana da ƙarfi, yana iya hana allura kamawa. Shi ya sa ake yi wa kwikwiyo allura fiye da sau ɗaya. Ga yadda ake bi:

Sati 6 zuwa 8 da haihuwa: allurar ciwo 3, ta fari.
Bayan sati 3 ko 4: a sake ta. A ci gaba haka har kwikwiyo ya kai wata 4.
Wata 3 da haihuwa: allurar hauka.
Shekara 1 bayan haka: a sake duka biyu.
Daga nan: allurar hauka kowace shekara. Ta ciwo 3 kuwa, likita zai faɗi lokacinta.

In ma'aikatan kiwo sun zo gari don allurar hauka, a fito da karnuka duka, manya da ƙanana, har kwikwiyon da bai kai wata 3 ba. Yara sun fi wasa da kwiyakwiyai, su ma kuwa suna kamuwa. Wanda aka yi wa yana ƙarami ƙwarai, a tambayi likita ranar da za a sake masa.

In kuɗi bai isa a yi duka ba, a fara da allurar hauka. Sauran suna tsare kare. Ita tana tsare kare da mutanen gida.

9. SHIRIN RANAR ALLURA

Mai gari da mutanensa ba sai sun jira ba. Suna iya ƙidaya karnukan gari gida gida. Ɗaliban karatun manya su rubuta: sunan mai gida, yawan karnukansa, manya nawa, ƙanana nawa. A kai takardar gidan likitan dabbobi mafi kusa, a nemi rana. In karnuka suna da yawa wuri ɗaya, zuwan ma'aikaci ya fi sauƙi. Kada a manta da rugagen Fulani da zangon Buzaye na kewaye. A aika musu labari.

Maganin allura ba ya son zafi. Ana ajiye shi cikin sanyi, ana kawo shi cikin akwatin ƙanƙara. Wanda ya kwana cikin rana a tebur ɗin kasuwa ya mutu, ko da kwalbar tana nan da kyau. Kada ku sayi allura ga mai talla. Ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi shi ne mai yi.

Ranar allura, wanda kare ya saba da shi ya kawo shi da igiya. In yaro ne, babba ya raka shi. A tsaya nesa da juna don kada karnuka su yi faɗa. Kare mai cizo a ɗaure masa baki da tsumma mai laushi na ɗan lokaci. Kwiyakwiyai a kawo su cikin kwando. A gaya wa likita in kare ba shi da lafiya, ko in karya tana da ciki. Shi ya san wadda za a yi da wadda za a jinkirta. A tambaye shi kuma maganin tsutsar ciki da na kaska, don allura ta fi kama jiki mai ƙarfi.

Bayan allura kare yana iya yin sanyi yini ɗaya, ko wurin ya ɗan kumbura. Wannan yana wucewa.

10. KARANTA KATIN KARE

Bayan allura a karɓi kati. A ajiye shi tare da takardun gida. A kansa akwai kwanan wata, da wasu baƙaƙe. Ga ma'anarsu:

R: allurar hauka.
C ko D: ciwon majina da makyarkyata.
H: ciwon hanta.
P: zawon jini.

Ku nemi R da farko. Ku dubi kwanan watan. In shekara ta cika, lokacin sakewa ya yi. Ga amfanin karatu nan: ba sai wani ya duba maka ba.

11. MAGANGANUN DA AKE YI

Wasu suna cewa allura tana kashe zuciyar kare, ya daina haushi, ya daina farauta. Ba haka ba ne. Allura ba ta taɓa halin kare, ba ta rage masa gudu.

Wasu suna cewa tana hana karya haihuwa. Ba ta hanawa.

Wasu suna cewa: karena ba ya fita. To, ko bai fita ba, wani yana iya shigowa ta shinge da dare.

Wasu suna cewa: kuɗi ga kare ɓarna ne. Ku auna. Allurar kare guda ce a shekara. Mutumin da aka ciza kuwa sai allurai da yawa masu tsada, ga kuɗin mota zuwa birni, ga kwanakin aiki da suka tafi. Ga jaki ko saniya da ake iya rasawa.

12. IN KARE YA CIJI MUTUM

Ko kare mai allura ne, ko kwikwiyo ne, ko raunin ƙarami ne, ga abin da za a yi:

Na ɗaya, a wanke raunin nan take da ruwa mai yawa da sabuni, har minti 15. Minti 15 yana da tsawo, kada a gaji. Wani yana zuba ruwa, wani yana wankewa. Sabuni yana lalata ƙwayar cutar. Wannan aiki na hannun kowa ne.

Na biyu, kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko gashin karen. Kada a ɗaure raunin tamau. Waɗannan ba su kashe cutar.

Na uku, a tafi likita ran nan. Kada a jira ranar kasuwa. In ba su da allurar, za su faɗi inda take. A bi maganarsu. Allurar mutum ana yin ta a dantse, ana komawa cikin ranakun da likita ya rubuta. A cika su duka. In raunin mai zurfi ne ko yana kusa da kai, akwai wani magani da ake sawa cikin raunin kansa. Likita zai duba kuma zancen tetanos. Mace mai ciki da jariri su ma ana yi musu. Wanda aka ciza tun da daɗewa bai je ba, ya je yanzu, muddin alamu ba su fito ba.

Na huɗu, in an san karen, kada a kashe shi. A ɗaure shi wuri guda, nesa da yara, a ba shi abinci da ruwa. A gaya wa likitan dabbobi, shi zai sa ido a kansa kwana 10 ko fiye. A nuna katinsa. In karen ya mutu ko ya ɓata cikin kwanakin, a gaya wa likita maza. Amma mutum ba ya jiran kare. Ya fara allurarsa tun ranar fari.

Na biyar, in dole ta sa an kashe karen, kada a fasa kansa, kada a taɓa shi da hannu tsirara. Cikin ƙwaƙwalwa ake gane cutar. Ma'aikatan kiwo su ne suka san yadda ake aika kan zuwa ɗakin binciken ciwon dabbobi na Yamai, wanda ake kira LABOCEL. A gaya musu kuma duk bisashe da karnukan da ya ciza.

13. ABIN DA ZA MU KOYA WA YARA

Kada su jefi kare, kada su ja masa wutsiya. Kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci. Kada su kusanci karya mai shayarwa. In baƙon kare ya nufo su, kada su ruga, kada su yi ihu. Su tsaya cik kamar icce, hannu a jiki, har ya wuce.

Mafi girma duka: in kare ya cije su ko ya yakushe su, su faɗa wa babba nan take. Yara da yawa suna ɓoyewa don tsoron duka. Iyaye, yaron da ya zo ya faɗi, kada a buge shi. A wanke masa, a kai shi likita. Yaron da aka buga yau, gobe ba zai faɗi ba.

LISSAFI

1. Wani gari yana da karnuka 60. Nawa za a yi wa allura don a kai 7 cikin 10?
2. A wani gari karnuka 90 ne, an yi wa 45 allura. Nawa suka rage kafin a kai 7 cikin 10?
3. An haifi kwikwiyo ran 1 ga Maris. A wane wata za a yi masa allurar hauka?

TAMBAYOYI DON MAHAWARA

1. Ta wace hanya haukan kare yake shiga jikin mutum?
2. Don mi ba a sa hannu cikin bakin kare mai dalala?
3. Don mi kashe karnuka ba ya ƙare ciwon?
4. Minti nawa ake wanke cizon kare, kuma da mi?
5. Karnuka nawa ne a garinku? Nawa ke da kati?
6. Ina ne gidan likitan dabbobi mafi kusa da ku? Wa zai kai takardar gari?

Ƴan'uwa, kada darasin ya tsaya cikin aji. Ku kai zancen fadar mai gari, da bakin rijiya, da wurin taron mata. Ku ƙidaya karnukanku cikin wannan sati, ku rubuta, ku kai wa ma'aikatan kiwo. Garin da ya yi allurar karnukansa ya rubuto mana, mu buga labarinsa don sauran garuruwa su gani.